DARASIN MANOMA: YADDA AKE BAN RUWAN ALOBERA DA ƳAN'UWANTA CIKIN TUKUNYA

 Darasinmu na yau a kan ban ruwa yake, amma ba ban ruwan garka ba. Za mu yi magana a kan waɗansu tsire-tsire da ake dasawa cikin tukunya a tsakar gida, irin su alobera da kariya da karan masallaci. Ka karanta a hankali. In ka gama, ka karanta wa mutanen gidanka, domin galibi mata da yara ke riƙe da butar ban ruwa.

Ga abin da ya kawo wannan darasi. Mutum yakan samo ɗan alobera a kasuwa ko a wurin maƙwabci, ya dasa, ya riƙa ba shi ruwa safe da maraice. Kafin wata guda sai ganye ya yi laushi, gindi ya baƙanta, tsiro ya faɗi. Mai shi ya ce rana ce ta kashe shi. Ba rana ba ce, ruwa ne ya yi masa yawa. An yi asara biyu ke nan: ga tsiro ya mutu, ga ruwan da aka sha wahalar jawowa ya tafi a banza. A ƙauyukan jigawa da ke nesa da Gulbin Kaba, inda rijiya kan wuce gaba ashirin, kowa ya san darajar guga ɗaya.

1. WAƊANNE TSIRE-TSIRE NE?

Ana kiransu tsire-tsire masu ajiyar ruwa. Ga huɗu da za ka iya gani a ƙasarmu.

Alobera. Ganyenta kauri gare shi, da ƙananan ƙayoyi a gefe. In ka yanka shi za ka ga wani abu mai yauƙi, garau kamar ƙanƙara. Masana sun ce asalinta daga ƙasar Larabawa ne. Yau ana nomanta gona-gona a ƙasashe kamar Meksiko da Indiya, ana yin sabulu da man shafawa da ita. Tana da ƴar'uwa ta daji wadda Hausawa ke kira zabuwa ko kabar giwa, an fi samunta can kudu inda ruwan sama ya fi yawa.

Kariya. Gindinta kumburarre ne kamar tulu, furenta ja-ja mai kyan gani, kuma da rani take yinsa, lokacin da sauran itatuwa suka bushe. Tana fitowa a daji tun daga Senegal har Sudan da ƙasar Larabawa. A ƙasar Tailan ana renonta cikin tukwane ana sayarwa ƙasashen duniya don ado.

Karan masallaci. Ba shi da ganyen kirki, sai kara kore mai kusurwa huɗu. Tsofaffi sun san shi wajen magani.

Aguwa. Wannan kowa ya san ta, ita ce ake shinge da ita a gona da hanyar dabbobi, ana kuma kafa ta don tsare tudun rairayi.

Dukansu halinsu ɗaya ne: suna da rumbun ruwa a jikinsu. Alobera a ganye take ajiya, kariya a gindi, karan masallaci da aguwa a kara.

2. ME YA SA BA SU SON RUWA KULLUM?

Ka duba ganyen salati. Siriri ne, ba shi da ajiya. In ya kwana biyu bai sha ba, ya yi yaushi. Haka ƴaƴan itatuwan da ake reno cikin leda, irin su bedi da bagaruwa da zogale, suna bukatar ruwa kullum. Da wannan ban ruwa muka saba, shi ya sa hannunmu ke saurin kai buta.

Alobera dabam take. In ka raba abin da ke cikin ganyenta kashi 100, fiye da kashi 95 ruwa ne. Bayan ganyen kuma akwai fata mai kauri da santsi wadda ke hana ruwan fita. Akwai wata hikima kuma. Kowane ganye yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan tsiro ke shan iska, ta nan kuma ruwa ke fita. Hatsi da wake da rana suke buɗe nasu. Alobera kuwa takan rufe nata da rana, sai dare ya yi, iska ta yi sanyi, sannan ta buɗe. Don haka ruwan da take asara kaɗan ne ƙwarai. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ita wannan da ruwan cikinta take jiran na sama.

Yanzu mu koma ƙarƙashin ƙasa. Saiwa tana numfashi kamar yadda kake yi. Tsakanin ƙwayoyin ƙasa akwai ƴan ramuka inda iska ke zama. In ka zuba ruwa, sai ya kori iskar ya cika ramukan. In ruwan ya tsane, iska ta dawo. To in kullum kana zubawa, iska ba ta samun hanyar dawowa. Saiwa ta shaƙe ta mutu. Daga nan ƙwayoyin cuta masu son danshi su shiga, ruɓa ta hau daga saiwa zuwa gindi, daga gindi zuwa ganye.

Ka lura da wannan da kyau: tsiron da saiwarsa ta ruɓe ba ya iya shan ruwa, ko da cikin ruwa yake zaune. Sai ya yi yaushi kamar mai jin ƙishirwa. Mai shi ya gani ya ƙara masa ruwa. Nan ne ake ƙarasa shi.

3. TUKUNYA

Ban ruwa mai kyau daga tukunya yake farawa.

Dole tukunya ta kasance da huda a gindi. Wadda ba ta da huda tafki ce. Ka yi huda mai faɗin ɗan yatsa, in tukunyar babba ce ka yi uku ko huɗu. Ka ɗora tsingaro guda a kan hudar don kada ƙasa ta zube, amma kada ya toshe ta.

Tukunyar ƙasa ta fi kowace. Ka san yadda randa ke gumi ta sanyaya ruwa. Haka tukunyar ƙasa ke fitar da danshi ta jikinta, ƙasar ciki ta tsane da wuri, saiwa kuma ta sami sanyi. Tsohon tulu da ya fashe a wuya, ko kaskon da aka daina aiki da shi, duk sun isa. Ba sai ka sayi sabo ba.

In roba ka samu, ko bidon da aka yanka, ka ƙara yawan huda, ka kuma san cewa ta fi daɗewa da danshi. Gwangwanin ƙarfe da baƙar leda suna ɗaukar zafi, ranar bazara tana iya dafa saiwa a cikinsu. In su kaɗai gare ka, kada ka bar su cikin rana tsaka.

Kada ka sa ƙaramin tsiro cikin ƙatuwar tukunya. Ƙasa mai yawa tana riƙe ruwa mai yawa, ƴar saiwarsa ba ta iya shanyewa. Tsakanin gindin tsiro da bakin tukunya, faɗin yatsa uku ko huɗu ya isa.

Ka ɗora tukunya a kan duwatsu uku ko bulo biyu, kamar murhu. Ruwa zai fita sosai, gara kuma ba za ta sami hanyar shiga ta hudar ba.

4. ƘASA

Ƙasar fadama da lakar bakin tafki suna da kyau ga kabeji da albasa, amma ba su dace da waɗannan ba. Suna riƙe ruwa kwana da kwanaki, in sun bushe kuma su ƙame kamar bulo. Ƙasar geza ma tana daskarewa. Rairayin jigawa zalla kuwa ba shi da abinci, kuma in ya yi laushi ƙwarai yakan cushe cikin tukunya.

Ga haɗin da za ka yi, ka auna da tiya ko da kwano:

Yashi mai tsakuwa, irin na ƙorama: awo 2
Ƙasar gona ta jigawa: awo 1
Taki ruɓaɓɓe wanda ya shekara: awo 1

In kana da garin gawayi mai gari-gari ko ƙananan marmara, ka zuba tafi guda. Kada ka sa ɗanyen kashin dabbobi, yana ƙona saiwa, yana kiran gara.

Ga yadda za ka gwada haɗinka. Ka jiƙa shi kaɗan, ka dunƙula a hannu, ka buɗe hannun. In ya wargaje da ka taɓa shi, ya yi. In ya tsaya kamar curin fura, ka ƙara yashi.

5. YAUSHE ZA KA BA DA RUWA?

Kada ka tambayi kalanda, ka tambayi ƙasa. Hanya uku ce.

Ta farko, yatsa. Ka cusa ɗan yatsanka cikin ƙasa har gaɓa ta biyu, wato kamar santimita 5. In ka ji sanyi ko danshi, ka ajiye buta. In ka ji a bushe, to lokaci ya yi kusa. Saman ƙasa yana ruɗi, iskar hunturu takan busar da shi cikin awa guda alhali ƙasan jiƙe yake.

Ta biyu, tsinke. Ka sami busasshen tsinke ko siririn kara, ka soka shi a gefen tukunya har gindi, ka bar shi ɗan lokaci, ka zare. In ya fito da ƙasa manne a jikinsa, ko launinsa ya yi duhu, akwai sauran ruwa. In ya fito tas, ka ba da ruwa. Wannan ita ce hanya mafi kyau ga tukunya mai zurfi.

Ta uku, nauyi. Ka ɗaga tukunya ran da ka ba ta ruwa, ka sake ɗagawa bayan mako guda. Hannunka zai koyi bambancin.

In kana shakka, ka ƙara kwana biyu. Alobera tana iya yin makonni ba ruwa ta rayu. Kwana kaɗan cikin caɓi kuwa yana iya kashe ta.

6. YADDA ZA KA ZUBA

Doka ɗaya ce: in za ka ba da ruwa, ka ba da shi sosai, sannan ka bari ƙasa ta bushe kafin ka sake.

Waɗansu da suka ji an ce ba ta son ruwa, sai su riƙa yayyafa mata ɗan kaɗan kowace safiya. Wannan ma kuskure ne. Ruwan ba ya kai wa saiwar ƙasa, ita tana ƙishirwa, wuyan tsiro kuma kullum a jiƙe, a nan ruɓa ke kamawa.

Ga yadda ake yi:

a) Ka zuba a kan ƙasa, kewaye da tsiro, da bakin buta. Kada ka zuba a kan ganye, kada kuma ka zuba cikin tsakiyar alobera inda sabon ganye ke fitowa. Ruwan da ya kwana a nan yana ruɓar da zuciyarta.

b) Ka zuba rabi, ka dakata kaɗan. Ƙasar da ta bushe ƙwarai takan janye daga jikin tukunya, ruwa ya bi gefe ya zurare bai jiƙa komai ba. In ka dakata ƙasa ta sha, sai ka zuba sauran.

c) Ka ci gaba har ka ga ruwa yana ɗiga ta hudar gindi. Nan ka tsaya. Tukunya mai cin ƙasa tiya biyu takan sha kusan lita guda.

d) In ka tara kwano a ƙarƙashi, ka ɗauke ruwan da ya taru ka zuba wa zogale ko wani dashe. Kada ka bar tukunya zaune cikinsa. Bayan ruɓar saiwa, ruwan da ya kwanta gidan sauro ne. Lokacin zafi ƙwan sauro yana zama babban sauro cikin kwana 7 zuwa 10, kuma ka san abin da zazzaɓin cizon sauro ke yi wa yara.

Da bazara ka ba da ruwa da sassafe ko bayan la'asar, lokacin da tukunya ta huce. Da hunturu ka bari sai hantsi, kada saiwa ta kwana cikin ruwan sanyi. Ruwan bidon da ya wuni a rana yakan yi zafi, ka taɓa da hannu tukuna.

7. WANE IRIN RUWA?

Ruwan sama ya fi kowane. Ruwan rijiya da na famfo suna da kyau. Amma akwai rijiyoyin da ruwansu ke da ɗanɗanon kanwa ko gishiri. In da irinsa kake ban ruwa, za ka ga wani farin abu yana fitowa a bakin tukunya da saman ƙasa, bakin ganye kuma yana ƙonewa. Maganinsa: ka kankare farin, kuma sau ɗaya cikin wata biyu ko uku ka zuba ruwa mai daɗi da yawa, ya ratsa ƙasa ya fita da gishirin. In damina ta zo, ruwan sama ɗaya mai ƙarfi yana yi maka wannan aiki.

Ruwan wanki mai sabulu ko omo, da ruwan wanke-wanke mai mai da gishiri, kada su shiga tukunya. Ruwan alwala da wanda aka ɗauraye ganyen miya ba su da laifi.

8. BAN RUWA BISA LOKUTAN SHEKARA

Kwanakin da za mu faɗa nan kwatance ne, ga tukunyar ƙasa matsakaiciya. Yatsa da tsinke su ne alƙalai.

Bazara, daga Maris zuwa Mayu. Zafi yakan wuce digiri 40, ƙasa tana bushewa da sauri. Ban ruwa sau ɗaya cikin kwana 5 zuwa 7. Ka ajiye alobera inda za ta sami ranar safe, ta sami inuwa da azahar, kamar gabashin ɗaki ko gefen rumfa. In rana ta yi mata yawa ganyenta yakan koma ja-ja ko ruwan ƙasa. Wannan ba ƙishirwa ba ce. Inuwa take nema, kada ka ƙara mata ruwa. Kariya ita tana son rana sosai.

Damina, daga Yuni zuwa Satumba. A nan aka fi asara. Ruwan da muke samu a shekara bai fi milimita 350 zuwa 500 ba galibi, amma cikin wata uku ko huɗu yake zuba, mafi yawansa a Yuli da Agusta. Tun 1975 ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen itatuwa a Nijar, lokacin da ƙasa ta sha ruwa. Abin da ke raya dashen bedi shi ke ruɓar da alobera a tukunya. Saboda haka in ana ruwa, ka ajiye buta gaba ɗaya. In an jera kwanaki ana yi, ka shigar da tukwane ƙarƙashin rumfa ko zaure. Kada ka bar tukunya a ƙarƙashin indararo. Bayan kowane ruwa ka duba ko huda ta toshe, ka soka mata tsinke. In aka yi fari na kwana goma ko fiye, ƙasa ta bushe, sai ka ba da ruwa.

Kaka, Oktoba da Nuwamba. Zafi yana dawowa kaɗan. Ban ruwa sau ɗaya cikin kwana 8 zuwa 10.

Hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu. Tsiro yana hutawa, ba ya girma sosai, ba ya sha da yawa. Ban ruwa sau ɗaya cikin mako 2 ko 3. Kariya takan zubar da ganyenta a wannan lokaci. Ba mutuwa ta yi ba. Ka matsa gindinta, in da tauri lafiya lau take. Ka rage mata ruwa ƙwarai har sai ta soma sabon toho. Ƙurar hunturu kuwa, ka goge ta daga ganyen alobera da ɗan tsumma mai laima.

9. YADDA ZA KA GANE CIWO

Alamun ruwa ya yi yawa:
Ganyen ƙasa ya yi rawaya, ya yi laushi kamar dafaffe.
Gindi ya yi baƙi, yana wari.
Tsiro yana girgiɗi in ka taɓa shi, ganye yana cirewa da kansa.
Gindin kariya yana lotsawa in ka matsa.
Ƙasa ta yi kwanaki ba ta bushe ba, ko ta yi gansakuka.

Alamun ƙishirwa:
Ganye ya sirance, ya naɗe kamar kwami.
Bakin ganye ya bushe.
Fatar kariya ko karan masallaci ta yi tamoji, amma ba wari, ba laushi.
Ƙasa ta bushe har gindi, tukunya ba nauyi.

Ƙishirwa tana da sauƙin magani. Ka ba da ruwa sosai sau ɗaya, cikin ƴan kwanaki ganye zai soma cika. Kada ka ce za ka rama masa kwanakin da ya rasa.

Ruɓa kuwa sai an yi mata aiki, kuma da wuri. Ga matakan:

1. Ka zare tsiro daga tukunya, ka kakkaɓe ƙasar.
2. Ka duba saiwa. Mai lafiya tauri gare ta, launinta fari ko rawaya-rawaya. Ruɓaɓɓiya baƙa ce, tana saɓulewa a hannu.
3. Ka sa wuƙa a wuta ta huce, ka yanke duk inda ya ruɓe har ka kai nama mai tsabta.
4. Ka shafa toka ko garin gawayi a wurin yankan.
5. Ka ajiye shi a inuwa mai iska kwana 3 zuwa 7, har bakin yankan ya bushe.
6. Ka zubar da tsohuwar ƙasa, ka wanke tukunya ka shanya ta a rana, ka sa sabon haɗi busasshe.
7. Ka dasa, ka bar shi mako guda ba ruwa.

In ruɓa ta riga ta ci zuciyar alobera, uwar ta tafi. Ka duba gefenta, ka ceci ƴaƴan.

10. SABON DASHE

Alobera tana fitar da ƴaƴa a gindinta. In ɗa ya kai tsawon tafin hannu, ka raba shi da uwar tare da ƴar saiwarsa. Ka bar shi a inuwa kwana 2 ko 3, ka dasa, kada ka binne wuyansa. Ka jira kwana 5 zuwa 7 kafin ruwan farko. Dashen tumatir ana ba shi ruwa nan take, wannan kuwa ba a yi masa haka, domin raunin da ke jikinsa ƙofa ce ga ruɓa.

Manoman da ke shingen aguwa sun daɗe da sanin wannan. Sukan sari reshe kamar kamu guda, su bar shi ya sha iska, su kafa shi cikin busasshiyar ƙasa a ƙarshen rani, ba su ba shi ko ɗigo. Da ruwan jikinsa yake zaune har damina ta sauka ya kama. Abin da ka sani a bakin gona, shi za ka yi a tsakar gida.

11. GARGAƊI

Ruwan jikin kariya dafi ne, tun da can maharba ke sa shi a kibiya. Ka ajiye ta inda yara da awaki ba su kai. Farin ruwan aguwa da na tinya kada ya shiga ido, na tinya ma ya fi haɗari. In ya shiga, a wanke da ruwa mai yawa, a tafi gidan likita. Ka wanke hannu da sabulu duk lokacin da ka yi yanka.

In ka yanki ganyen alobera, wani ruwa rawaya mai ɗaci yakan fito daga ƙarƙashin fata. Yana sa zawo mai ƙarfi. Mace mai ciki da ƙananan yara kada su sha. Mai yauƙin nan na tsakiya ana shafa shi a ƙaramar ƙuna don ya sanyaya. Babbar ƙuna da rauni mai zurfi kuwa na likita ne.

12. LISSAFI

Mata biyu, kowace tana da tukwanen alobera 10.

Ta farko tana ba kowace tukunya rabin lita kullum. A rana lita 5 ke nan. Cikin kwana 30: 5 x 30 = lita 150. In bido yana cin lita 25, ta jawo bido 6.

Ta biyu tana ba kowace tukunya lita 1, sau ɗaya cikin kwana 6. Cikin kwana 30 sau 5 ke nan. 10 x 5 = lita 50, wato bido 2.

Bambanci: 150 - 50 = lita 100, wato bido 4 a wata. Ta biyu ta huta da ɗaukar bido 4, tsirenta kuma sun rayu sun yi ƴaƴan da za ta raba ko ta kai kasuwa. Ta farko ta sha wahala, kuma tana dab da rasa nata.

ABIN TUNAWA

Tukunya mai huda. Ƙasa mai yashi. A gwada da yatsa ko tsinke. A zuba sosai har ya ɗiga. A bari ta bushe. Da damina a ajiye buta. Sabon dashe ya yi mako bai sha ba.

TAMBAYOYI

1. A ina alobera ke ajiye ruwanta? A ina kariya ke ajiye nata?
2. Me ke samun saiwa in ƙasa ba ta bushewa?
3. Faɗi hanya uku na gane ko lokacin ban ruwa ya yi.
4. Ganyen alobera ya koma ja-ja da bazara. Me za ka yi?
5. Me ya sa ba a barin ruwa cikin kwanon da ke ƙarƙashin tukunya?
6. Kana da tukwane 8, kowace tana shan lita 1 sau ɗaya cikin kwana 15 da hunturu. Lita nawa za ka bukata cikin kwana 60?

AIKIN YI

Ka ɗauki littafinka ka ja layi uku: rana, abin da tsinke ya nuna, ruwan da ka zuba. Duk ran da ka gwada ƙasa ka rubuta. Bayan wata biyu za ka san kwana nawa tukunyarka ke yi kafin ta bushe, domin tukunyar Korgom da ta Kanambakashe ba lalle su zo ɗaya ba. Ka kai littafin wurin taron masu sauraro na garinku, ku gwada da na juna. In wani abu ya shige muku duhu, ku tambayi malamin gona ko ma'aikacin gandun daji na ƙaramar hukumarku.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Sai darasi na gaba.